Dorugu: yaron Damagaram da wani ɗan mishan ya zauna ya saurara

A filin tarihi na wanga mako mun ɗauko labarin wani mutum wanda an fi sanin sunanshi a manyan makarantun Turai da Amurka bisa ga nan ƙasar da ta haife shi. Sunanshi Dorugu. Ɗan ƙasar Damagaram ne, an kama shi bauta yana yaro, ya ga Tumbuktu, ya ga Landan, ya rasu a Kano cikin 1912.

Dubban yara sunka bi hanyar bauta a zamaninshi, yau ko sunan ɗaya ba mu iya kamawa. Abin da ya raba Dorugu da su abu guda ne: wani ɗan mishan ya aje wa'azinshi gefe, ya ɗauki alƙalami, ya bar yaro ya yi magana har ya kai ƙarshe. Kada kowa ya ɗauka wa'azi munka zo yi. Tarihi ne, kuma akwai abin tsinta a ciki ga Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Daga Dambanas zuwa Kukawa

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani gari da ake ce ma Dambanas, kusa da Kance, cikin jihar Damagaram ta yanzu. Ubanshi manomi ne kuma makaɗi. Rayuwar da ya tashi ciki duk wani ɗan ƙauyen Adar zai gane ta: gona da damana, ganga in an yi biki, ciwo da yunwa in shekara ta ƙi.

A lokacin nan Damagaram tana ƙarƙashin Borno, Shehu Umar yana mulki a Kukawa. Cikin abin da ake kai wa Borno na gaisuwa har da bayi, kuma ba daga nesa ake samo su ba. Sau da yawa ƙauyukan da ke kusa ake faɗa wa. Irin wanga hari ne ya raba Dorugu da iyayenshi tun bai wuce shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba. Anka kai shi Zinder, daga nan anka gangara da shi gabas, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa gidan wani Balarabe a Kukawa.

Ana cikin haka sai ga wasu Turawa sun sauka Borno. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su, sun taso daga Tarabulus cikin 1850, sun ratsa hamada ta Ayar. Shugabansu James Richardson ya rasu a hanya cikin 1851 bai kai Kukawa ba, saura Jamusawa biyu: Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kanshi suna Abdul Karim, da Adolf Overweg, wanda mutane ke kira Tabib. Shi Overweg ne ya ɗauki Dorugu aikin kula da raƙuma, daga baya ya fanshe shi ya ƴanta shi, tare da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega.

Bayan raƙumin Abdul Karim

Overweg bai daɗe ba, zazzaɓi ya kashe shi a bakin tabkin Cadi cikin watan Satumba na 1852. Barth ya ɗauki yaran biyu, sunka bar Kukawa ƙarshen watan Nuwamba sunka yi yamma. Sun biyo ta Zinder, garin da Dorugu ya shiga da igiya a baya, yanzu ya dawo yana ɗa. Sunka wuce Katsina, sunka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sunka zauna Wurno da Sakkwato, sunka yi Gwandu, sunka ƙetare kogin Isa a Say. Ranar 7 ga Satumba 1853 sunka shiga Tumbuktu, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya tsare ran Barth wata da watanni daga masu son ganin bayanshi.

Da sunka fito cikin 1854 sun biyo bakin kogi ta Gawo, sunka koma Sakkwato, Kano da Kukawa, sannan sunka sake yanke hamada zuwa Tarabulus. Watan Satumba na 1855 yana kamawa suna Landan. Barth ya tahi da su har Hamburg, garinsu, sunka ga danginshi. Ku duba hwa: yaron da anka ja daga gonar gero bai fi shekara biyar ba, ga shi cikin jirgin ruwa da jirgin ƙasa, ga shi gaban tebur da cokali da wuƙa.

Barth ya rubuta tahiyar nan cikin manyan littattafai guda 5 da anka buga tsakanin 1857 da 1858, kuma duniya ta yaba mai. A ciki akwai zanen Dorugu da Abbega, da ƴan layuka kaɗan bisa kansu a matsayin barori. Da a nan maganar ta tsaya, da abin da za mu sani game da Dorugu ke nan: wani yaro mai jan raƙumi a gefen hoto.

Malamin da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba

A nan ne mutum na biyu ya shigo. James Frederick Schön Bajamushe ne, an haife shi 1803, ya yi karatun aikin mishan a Basel, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira CMS ta aika shi Saliyo cikin 1832. A Firitawun ake sauke bayin da jiragen Ingila ke ƙwatowa daga masu fataucinsu a teku, shi ya sa garin ya cika da harsuna iri-iri, har da Hausa. Cikin 1841 Schön ya shiga tawagar jiragen da anka aika su hau kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da shi ma an taɓa kama shi bauta. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, tawagar ta watse, amma Schön ya dawo da abu guda a kai: duk inda anka tsaya bakin kogi ana samun mai jin Hausa, saboda haka wanda ke son isa cikin ƙasa sai ya riƙe harshen nan. Cikin 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa na farko da ya tara.

Rashin lahiya ya kore shi daga Afirka cikin 1847. Ya koma Ingila ya zama limamin Kirista a wani asibitin sojan ruwa a garin Chatham. Ga mutum ya ƙudurta juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ga shi bai taɓa ganin Kano ko Katsina ko Damagaram ba, kuma babu Bahaushe ko ɗaya kusa da shi. Da ya ji Barth ya zo da yara masu jin Hausa, sai ya ga kamar an yi mai ruwa a tsakiyar rani. Cikin 1856 yaran sunka koma gidanshi. Abbega ya koma Afirka cikin 1857, daga baya har ya zama sarkin Lokoja. Dorugu kuwa ya zauna da Schön har 1864.

Abin da kunne ya samo

Hanya mai sauƙi ita ce Schön ya zaunar da yaro ya yi ta tambayarshi kalma ɗai-ɗai: mi ake ce ma wannan, mi ake ce ma wancan. An yi hakan ma. Amma jerin kalmomi ba ya koya ma mutum magana, kamar yadda tarin tubali ba ya zama ɗaki. In ka ba mutum zancenka ka ce ya juya, abin da zai fito Hausa ce a baki, amma ƙashin bayanta na wani harshe ne. Wanda ke son ya ji yadda Bahaushe ke faɗin tsoro, kewa, yunwa, tausayi ko godiya, sai ya bar shi ya faɗi ranar da ya ji su.

Abin da Schön ya yi ke nan. Ya sa Dorugu ya ba da labarin rayuwarshi tun daga Dambanas, shi kuwa yana rubutawa da haruffan boko yadda maganar ta fito. Ya karɓi tatsuniyoyi da karin magana kuma. Mu da ke aikin riƙe makirfo mun san bambancin nan sarai: tambayar da ka riga ka saka amsarta a ciki tana dawo maka da abin da ka zo da shi, mai haƙurin yin shiru shi ke komawa gida da sabon abu.

Daga zaman nan abubuwa uku sunka fito. Na farko aikin da Schön ya sa gaba. Tsakanin 1857 da 1859 anka buga Matiyu, Luka, Farawa da Fitowa da Hausa, Sabon Alkawari kuma ya fito cikin 1880. Na biyu littattafan harshe: nahawun Hausa cikin 1862 da ƙamus cikin 1876. Saboda su ne anka ba shi kyautar Volney a Faransa cikin 1877, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa cikin 1884. Shi da kanshi ya rubuta yabon Dorugu, ya nuna Hausarshi tsantsa ce kuma amfaninshi ga aikin ba ƙarami ba ne.

Na uku shi ne labarin kanshi, wanda ya fito cikakke cikin littafin Magana Hausa a 1885. Abin mamaki, shi ne ya fi sauran tsawon rai. Fassarar Schön an daɗe da aje ta, domin cikin 1932 an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa wanda Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinshi sunka yi. Ƙamus ɗinshi ma na Bargery na 1934 ya rufe shi. Amma labarin Dorugu babu abin da zai maye shi, don babu wani da ya rayu wagga rayuwa sai shi.

Mu fahimci juna: ba Schön ya fara rubuta Hausa ba. Lokacin da Dorugu ya ratsa Wurno da Sakkwato, Nana Asma'u ɗiyar Shehu tana raye tana tsara waƙoƙi da ajami, malamai kuma sun daɗe suna yi. Sai dai alƙalamin wancan zamani ya fi karkata ga addini, fiƙihu da tarihin sarakuna. Ɗan talaka, bawa, yaro, ya faɗi da bakinshi yadda anka kama shi, yadda anka sayar da shi, abin da ya ci, abin da ya tsorata shi, wannan sabon abu ne a rubuce. Har ila yau ya juya madubi: Turawa sun saba zuwa su kalle mu su rubuta, sai ga Bahaushe yana kallonsu yana faɗin yadda su ke zaman cin abinci, yadda matansu ke ɗaure ƙugu, yadda sanyin ƙasarsu ya ke.

Ba Schön kaɗai ya bi wagga hanya ba. A Firitawun wani ɗan mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya zauna da Ali Eisami, Babarbaren da anka kama bauta, ya rubuta labarinshi da Barbarci, anka buga cikin 1854. Crowther ma ya rubuta yadda anka kama shi. Yau masu binciken tarihin bauta a ƙasashenmu irin waɗannan labarai su ke nema da fitila, sun fi musu tarin rahotannin wa'azi na lokacin amfani.

Inda zancen ke da ƙaya

Ba za mu shafa ma labarin nan zuma a ko'ina ba. Barth ya riga ya shirya mayar da yaran gida, kuma bai ji daɗin yadda sunka tsaya wurin Schön ba, har abin ya zama rigima tsakanin manyan biyu. Ana gardama bisa kan yara, amma masu ƙarfin faɗa a ji su ne Turawan. An yi ma Dorugu baftisma, anka sa mai suna James Henry. Yaro ne marar uwa marar uba a ƙasar da ba tashi ba, ci da sha da tufafinshi duk a hannun mai tambayarshi su ke. Wanda ke cikin irin wanga hali, ko an ce ya faɗi son ranshi, ya san akwai abin da mai gida ke son ji.

Sannan sunan da ke bisa bangon Magana Hausa na Schön ne, kyauta da digiri ma shi anka ba. Sai cikin 1971, shekara 59 bayan rasuwar Dorugu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman sunka sake fito da labarin a jami'ar Yale ta Amurka, da fassarar Turanci da bayani, sunka haɗa shi da na Maimaina Sarkin Askira, jikan Abbega. Daga nan ne anka fara kallon Dorugu a matsayin mai labari, ba ɗan aikin malami kaɗai ba. Darasin a fili ya ke: sauraro alheri ne, amma yana da haƙƙi. Wanda ya ba ka labarinshi amana ya ba ka, sunanshi da mutuncinshi su tahi tare da ita.

Ƙarshen tahiya a Kano

Dorugu ya dawo Afirka cikin 1864 yana jin Turanci, yana karatu da rubutun boko. Ya yi shekaru yana aikin tafinta ga Turawan da ke kai da kawowa a ƙasashen bakin Kwara. Da Ingilishi sunka ci ƙasar Hausa ta kudu, Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Shi ma Vischer da aikin mishan na CMS ya fara shigowa ƙasar kafin ya koma aikin gwamnati. Dorugu, yana tsoho, ya shiga cikin malaman makarantar nan yana koya ma yara karatun boko. A nan ya rasu cikin 1912. Schön ya riga shi tun 1889, Barth kuwa tun 1865. Gidan Ɗan Hausa na nan Kano har yau, ana shiga kallo.

Mu nan Adar

Wani zai ce, to mi ya haɗa mu da yaron Kance da limamin Chatham? Abin da ya haɗa mu yana da yawa. Ƴan mishan na SIM sun sauka Zinder cikin 1924, sunka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, cikin 1950 kuma sunka buɗe asibitin Galmi a nan jiharmu. Da wuya ka samu zuri'a a Adar da ba ta taɓa kai majinyaci can ba. Duk wanda ya taɓa jinya ya san rabin magani yana wurin likitan da zai tsaya ya ji daga ina ciwon ya faro, mi ake ci a gida, wa ya biya kuɗin mota. Mai aikin addini ma haka ne, ko fasto ne ko malami: in bai san abin da mutum ya ɗauko a kai ba, maganarshi bisa iska za ta bi. Ita ma Barbara Cooper, Ba'amurkiyar da ta buga littafi cikin 2006 bisa Kiristocin Maraɗi, ba ta tsaya ga takardun mishan ba, sai da ta zauna da Hausawa Kiristoci ta ji ta bakinsu.

Tarihin Adar kanshi da kunne anka tattara mafi yawanshi. Farfesa Djibo Hamani da Nicole Echard, waɗanda littattafansu bisa Adar sunka fito cikin 1975, ƙauye-ƙauye sunka bi suna zama gaban tsohhi. Maganar bauta kuwa ba ta zama tatsuniya ba tukuna a ƙasarmu. Ƙungiyar Timidria ta kahu cikin 1991 saboda ita, dokar da ta mai da bauta babban laifi ta fito cikin 2003, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani, ɗiyar jihar Tawa, gaskiya. Shari'ar nan ta yiwu ne don an samu waɗanda sunka zauna sunka ji labarin mace guda tun daga farko.

Yanzu mu duba gidajenmu. Akwai tsohhin da sunka ga yunwar 1973 da ta 1984 da idonsu. Akwai waɗanda sunka yi cin rani Abijan, Kumasi, Legas da Libiya tun ana tahiya a bayan babbar mota. Akwai iyayenmu mata da sunka dasa itace sunka ɗauki duwatsu a aikin gyaran ƙasa na Keita. Kowace shekara muna kai wasu makwanci, labarinsu na bin su. Schön sai da ya nemi takarda da tawada da haƙurin shekaru. Mu kuwa kusan kowane gida akwai salula mai ɗaukar murya.

Shawararmu ga matasa, da malamai, da ƴan coci, da ma'aikatan lahiya ita ce: ku nemi izinin tsoho ko tsohuwa kafin ku kunna na'ura. Ku bar su su fara daga inda su ke so. Kada ku katse, kada ku gyara musu Adaranci ya koma Hausar littafi, domin Hausar Dorugu ma darajarta ga masana ita ce an bar ta kusa da yadda ta fito. Ku rubuta sunan mai magana da garinshi da ranar da anka yi hirar. Abin da ya ce sirri ne, ya zauna sirri. In kun gama, ku aje kwafi a wurin danginshi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu kunnen sauraron waɗanda sunka rage. Mu kwana nan, sai wani mako in mai duka ya kai mu.